Wa Ya Shata Bakin Kogon?

Akwai wata jimla da ta yawaita a maƙalun kimiyyar sinadarai har ido ya daina tsayawa a kanta, wato inda marubuci zai ce an yi la'akari da tasirin ruwa ta hanyar PCM, wata dabarar lissafi a kwamfuta mai ƙiyasta yadda ruwan da sinadarai ke ciki yake shafar su. Wani lokaci SMD ne a gurbin, wani lokaci COSMO, duk dabaru ne dangin juna. Daga nan sai ya zarce zuwa jadawalin sakamako, inda lambobi ke jere da gurabe biyu bayan ɗigo, ya yanke hukuncin cewa sinadaran ta hanya ta farko suke bi wajen haɗuwa, tun da ta fi ta biyu sauƙi da abin da bai kai kilokalori ɗaya na makamashi ba. Mai tantancewa ya duba, ya ga an ambaci ruwa, ya sa hannu.

A ganina jimlar nan ba ta isa ba, kuma lokaci ya yi da mujallu za su daina karɓarta ita kaɗai. Ina faɗin haka ne alhali ina son hanyar, ina kuma lissafa ta cikin dabarun da suka fi albarka a tarihin lissafin sinadarai. Abin da ke damuna shi ne an mayar da ita maɓalli, a danna a wuce, ga shi kuwa a cikinta akwai wani zaɓi da mutum ne ya yi shi da hannunsa, kuma shi ke riƙe da amsar.

Matsalar da aka so magancewa tsohuwa ce. Kusan duk abin da sinadarai ke yi a jikin mai rai, da mafi yawan abin da ake yi a ɗakin gwaji da masana'anta, a cikin wani ruwa yake faruwa. Molikul guda in ya faɗa ruwa, ɗaruruwan ƙwayoyin ruwa ne ke jin zuwansa. Suna juyawa, suna musayar wuri, suna ƙulla ɗaurin haidurojin suna kwancewa cikin 'yan fikosakan, shi kuwa fikosakan kashi ɗaya ne cikin tiriliyan na sakan. Duk wanda ya ce sai ya bi kowace ƙwaya da lissafin kwantam, aikin ne zai cinye shi. Sai masana suka ce a kwashe su baki ɗaya. A bar molikul ɗin da ake nazari shi kaɗai cikin wani kogo, a cike duk abin da ke wajen kogon da wani abu shimfiɗaɗɗe, mara ƙwayoyi, mara gaba da baya, wanda ba a san komai nasa ba sai lamba ɗaya tak. Ita ce lambar dayalektirik. Ta ruwa a zafin digiri 25 kusan 78 ce.

Abin da lambar ke faɗa mai sauƙi ne. Caji biyu masu jan juna, in ka tsoma su a ruwa, ƙarfin jan zai ragu kusan sau 78 a kan yadda yake a sarari wanda ba komai. Dalili shi ne ƙwayar ruwa a lanƙwashe take, ɓangaren oksijin na da ɗan caji negetif, ɓangaren haidurojin biyun na da fozitif, don haka da ta ji caji a kusa sai ta juya masa fuskar da ta dace ta danne ƙarfinsa. A sarari, sai an raba ayon biyu, wato ƙwayoyi masu caji, da tazarar nanomita 56 kafin jan da ke tsakaninsu ya yi daidai da jijjigar zafi. A ruwa nanomita 0.7 ya wadatar. Shi ya sa gishiri ke narkewa.

Max Born ne ya fara mayar da wannan lissafi a 1920. Ya ɗauki ayon a matsayin ƙwallo mai caji, ya tambayi makamashin da za a samu in aka ɗauko ƙwallon daga sarari aka sa shi cikin shimfiɗaɗɗen ruwan. Amsar layi ɗaya ce. Debye da Hückel suka ƙara tasirin gishirin da ke yawo a ruwa a 1923. Kirkwood a 1934 da Onsager a 1936 suka kai maganar ga molikul wanda jimillar cajinsa sifiri ce amma gefe guda ya fi ɗaya. Onsager ne ya fito da abin da har yau shi ne ƙashin bayan hanyar: molikul ya karkatar da ruwa, ruwan da ya karkata ya mayar masa da martani, martanin ya ƙara karkatar da molikul ɗin, haka dai har su daidaita. A 1981, a Pisa ta Italiya, Miertuš da Scrocco da Tomasi suka saki ƙwallon, suka yi kogo mai bin siffar molikul, suka haɗa shi da lissafin kwantam, wannan shi ne PCM. Clark Still da abokan aikinsa suka kawo gajeriyar hanyar da ta faɗaɗa lissafin Born zuwa manyan molikul a 1990, Klamt da Schüürmann suka kawo COSMO a Jamus a 1993.

Kada kowa ya raina abin da lamba ɗayan nan ta yi. Ayon kuloraid in ya kai wa methil kuloraid hari a cikin iska, kusan babu wani tudun makamashi da zai haura kafin su haɗu. A cikin ruwa tudun ya kai kilokalori 26 a kowane mol. Lissafin Born ya ba da dalili ba tare da an zana ƙwayar ruwa ko ɗaya ba: kafin haɗuwa cajin a dunƙule yake kan ƙaramin ayon, ruwa na riƙe da shi gam, a tsakiyar haɗuwa cajin ya bazu kan babban jiki, riƙon ya yi sako-sako, bambancin kuwa shi ne tudun. Rudolph Marcus ma da irin wannan shimfiɗaɗɗen ruwa ya gina ƙa'idarsa ta tsallakar elektiron a 1956. Ya lura cewa ruwa lamba biyu gare shi, ta saurin martanin elektiron ɗinsa wadda ba ta kai 2 ba, da ta jinkirin juyawar ƙwayoyi wadda ita ce 78 ɗin, kuma tazarar da ke tsakaninsu ita ke tsara saurin tsallakar. Wannan aiki ya kai shi ga kyautar Nobel a 1992. A 2001 kuma manhajar APBS ta zana taswirar lantarkin wasu sassan ƙwayar halitta masu atom sama da miliyan ɗaya, abin da a lokacin ba mai mafarkin yi da ruwa ƙwaya-ƙwaya.

Sai dai ba a nan gizo ke saƙar ba. A ɗauki alƙalami a yi lissafin Born da hannu, minti biyu ne. Ga ayon mai caji ɗaya, za ka raba 166 da rediyos ɗin ƙwallon a ma'aunin angistirom (kashi ɗaya cikin goma na nanomita), sannan ka ninka da abin da ya rage in ka cire ɗaya bisa 78 daga ɗaya. In rediyos 2.0 ne, amsar ta kusa kilokalori 82. Yanzu ka yi wa lambar ruwa mugun ta'adi, ka raba ta biyu ta koma 39, kamar ka zubar da ruwan ka zuba wani sinadari dabam. Amsar za ta koma kusan 81. Kilokalori ɗaya kawai ta motsa. Mayar da 78 ɗinka, ka taɓa rediyos kaɗan, daga 2.0 zuwa 2.1. Wannan ƙari kusan kashi ɗaya ne cikin goma na tsawon ɗaurin da ke tsakanin oksijin da haidurojin. Amsar ta sauko 78. Kilokalori kusan huɗu sun tafi.

Ga wanda bai saba da ma'aunin ba, a zafin ɗaki kowane kilokalori 1.36 daidai yake da ninki goma a saurin haɗuwar sinadarai ko a ƙarfin asid. Huɗun nan ke nan sun haura ninki 700. Lambar da aka auna a ɗakin gwaji, wadda sunanta ke kan hanyar, wadda kowa ke rubutawa a maƙala, tasirinta kaɗan ne muddin ruwan mai babbar lamba ne. Wadda ke juya amsar ita ce inda aka ce nan molikul ya ƙare, nan ruwa ya fara. Ita kuwa wannan iyaka babu na'urar da ke auna ta, domin a zahiri babu ita. Gajimaren elektiron ba shi da baki, raguwa yake yi a hankali har ya ɓace. Kogon riga ce da mai lissafi ke ɗinka wa molikul, shi ya riƙe almakashi, shi ya san inda ya ƙara da inda ya rage.

Kowane gida da irin ɗinkinsa. Wasu na ɗaukar rediyos ɗin da Bondi ya tattara a 1964 su ninka da 1.2. Wasu na ɗaukar wani jadawali su ninka da 1.1. Wasu na ba kowane haidurojin ƙwallonsa, wasu na cusa shi cikin ƙwallon atom ɗin da yake manne da shi. Wasu na gangara ƙwallo mai rediyos 1.4 a kan molikul, irin dabarar da Lee da Richards suka kawo a 1971, su ɗauki sawunsa a matsayin iyaka. Wasu kuma na bin yawan elektiron, su zaɓi wani mataki su ce nan ne baki. Duk hanyoyi ne na hankali, ban ga laifin ko ɗaya ba. Laifin shi ne mutum biyu za su rubuta suna ɗaya a maƙala alhali kogonsu ya sha bamban, wani lokaci ma manhaja ɗaya suka yi amfani da ita, sabon bugu ne kawai ya sauya zaɓin da take yi in ba a faɗa mata komai ba. Mai karatu ba shi da hanyar sani, wanda ke son maimaita aikin kuma sai ya yi ta lalube.

Tun da wuri aka san da wannan rauni. Ayon fotasiyom da ayon fuloraid kusan girmansu ɗaya. Ɗaya fozitif, ɗaya negetif, amma lissafin Born bai damu da wannan ba, tun da cajin ninka shi da kansa ake yi. Ke nan ya kamata ruwa ya riƙe su daidai wa daida. Bai yi ba. Ya fi riƙe fuloraid nesa ba kusa ba, da aƙalla kilokalori 18, a wasu jadawalan ma ninkin haka. In ka matsa kusa ka duba za ka ga dalili. A gefen fuloraid, ƙwayar ruwa na miƙa haidurojin ɗinta, wanda ƙanƙani ne, ya shige har jikin ayon. A gefen fotasiyom dole ta juyo da oksijin, wanda ƙato ne, cibiyar cajinsa kuma tana can ciki, sai ta tsaya daga nesa. Ruwa na da gaba da baya, shimfiɗaɗɗen ruwa kuwa ba shi da su. Latimer da Pitzer da Slansky sun yi maganin abin a 1939 ta hanyar ƙara angistirom 0.85 a rediyos ɗin ayon fozitif, da 0.1 kacal a na negetif. Lissafi ya zauna. Amma a lura da abin da ya faru: duk ilimin siffar ƙwayar ruwa da aka kora ta ƙofa, an dawo da shi an ɓoye cikin rediyos. Har gobe abin da ake yi ke nan, sai dai yanzu jadawalin ya fi tsawo.

Misalin da na fi so in ba mai shakka shi ne na methanol da DMF, ruwaye biyu da ake narkar da sinadarai a cikinsu. Lambar methanol kusan 33 ce, ta DMF kusan 37. A idon tsantsar shimfiɗaɗɗen ruwa, su biyun kusan abu ɗaya ne. Amma tun shekarun 1960 ayyukan A. J. Parker suka nuna cewa harin kuloraid a kan methil ayodaid ya fi sauri a DMF da kusan ninki miliyan. Methanol na da haidurojin da zai ɗaure ayon negetif ya hana shi sakat, DMF ba shi da shi, sai ya bar ayon tsirara da zafinsa. Duk mai aikin haɗa sinadarai ya san wannan a hannunsa, da shi yake zaɓar ruwan da zai zuba a kwalba. Lambar dayalektirik ba ta san da zancen ba.

Masu gina waɗannan hanyoyi, a yi musu adalci, ba su ɓoye komai ba. Marenich da Cramer da Truhlar na Jami'ar Minnesota, da suka fitar da SMD a 2009, sun rubuta ƙarara cewa matsakaicin kuskurenta kilokalori 0.6 zuwa 1.0 ne ga molikul marasa caji, kusan 4 kuma ga ayon. Wannan fa a kan ƙananan molikul irin waɗanda aka daidaita hanyar da su. Ke nan wanda ya ƙera abin ya ce kuskurensa ga ayon huɗu ne, mai amfani da shi kuma ya zo yana gina hukunci kan rabin kilokalori a haɗuwar da caji ke bayyana ko yake ɓacewa a cikinta. Amsar da aka saba bayarwa ita ce kurakurai na kashe juna idan ana kwatanta abubuwa biyu masu kama. Gaskiya ne, sau da yawa suna yi, kuma wannan shi ne babban sirrin nasarar hanyar. Amma magana ce da ake tabbatarwa a kowane aiki, ba a karɓarta a baki. Idan hanya ta farko na tara caji wuri ɗaya ta biyu kuma na baza shi, babu kamar da za ta sa kuskure ya kashe kuskure.

A fagen furotin abin ya fi fitowa fili. Can ana buƙatar lamba biyu, 78 ko 80 ga ruwan waje, da wata ga cikin furotin. Nawa ce ta cikin? Busasshen furotin in an auna shi yakan ba da 2 zuwa 4. A 1994 Antosiewicz da McCammon da Gilson suka ga cewa in aka sa 20, hasashen ƙarfin asid na sassan furotin ya fi dacewa da gwaji. Yau za ka ga 1, ka ga 2, ka ga 4, ka ga 20, kowa da hujjarsa. Arieh Warshel, wanda ya raba Nobel ta 2013 da Karplus da Levitt, ya daɗe yana cewa wannan lamba ba sifar furotin ba ce, ma'auni ce ta yawan abin da samfurinka ya bari bai lissafa ba: gwargwadon abin da ka tsallake, gwargwadon girman lambar da za ka buƙata. Ina tare da shi a nan. Lambar da ake juyawa har sai amsa ta yi kyau, sunanta abin daidaitawa, kuma ya kamata a kira ta da sunanta a cikin maƙala.

Ko 78 ɗin ma ta tafki ce, ba ta lungu ba. A 2018 Laura Fumagalli da Andre Geim da abokan aikinsu a Jami'ar Manchester sun matse ruwa a tsakanin faifai biyu masu santsi, tazararsu kamar nanomita ɗaya, suka auna lambarsa ta fuskar da ta ratsa faifan. Suka samu kusan 2. Ruwan da ke manne da bango ba ya samun sararin juyawa, in kuwa bai juya ba, ba abin da zai danne. To aljihun enzayim da ƙwayar magani ke shiga, da ramin da ayon ke bi ya ratsa fatar ƙwayar halitta, da fuskar ƙarfen batir, duk lunguna ne masu irin wannan ƙunci.

Wani lokaci kuma ƙwayar ruwa guda ita ce labarin gaba ɗaya. A enzayim ɗin furotiyes na ƙwayar cutar HIV, hotunan kiristal sun nuna wata ƙwayar ruwa zaune daram a ƙarƙashin murafu biyun da ke rufe aljihun. Da hannu biyu tana karɓar ɗaurin haidurojin daga bakin murafun, da ɗaya biyun tana riƙe da oksijin biyu na maganin da ya shiga. Gada ce mai ƙafa huɗu. A 1994 masu bincike na DuPont Merck suka wallafa wasu molikul masu zobe da suka ƙera musamman domin oksijin ɗinsu ya ture wannan ruwa ya zauna a kujerarsa. Wanda ya share ruwa ya shimfiɗa lamba a wurin, wannan dabara ba za ta taɓa zo masa ba, domin abin da za a ture ɗin ba ya cikin hotonsa. Haka a 2002 Ruhong Zhou da Bruce Berne suka gwada naɗewar wani guntun furotin a ruwa iri biyu, suka tarar shimfiɗaɗɗen ruwan ya sa sassa masu caji sun manne wa juna fiye da kima, har siffar da ba ita ce ta gaskiya ba ta zama ita ce mafi daɗin zama.

Mai karatu zai iya cewa to a watsar da ita mana, ai kwamfuta ta yi ƙarfi. Ban yarda ba. Gaskiya an yi nisa daga 1971, lokacin da Rahman da Stillinger suka kwaikwayi ƙwayoyin ruwa 216 aka yi ta mamaki. Amma ruwan ƙwaya-ƙwaya da ake zubawa a kwamfuta shi ma ƙirar mutum ne. Samfurin ruwa na TIP3P da Jorgensen ya fitar a 1983, da danginsa, ɗigo uku ne ko huɗu masu caji da aka daidaita har suka ba da nauyi da zafin tururi irin na ruwa. In ka tambaye su lambar dayalektirik, wani zai ba ka ƙasa da 60, wani sama da 90. Ga kuma hayaniya: dole ka bar dubban ƙwayoyi su yi ta motsi na dogon lokaci kafin matsakaici ya nutsu, in ka yi gaggawa kuskuren da za ka kwaso ya fi wanda ka gudu. A akwatin kwaikwayo na furotin, mafi yawan atom ɗin na ruwa ne, mafi yawan wutar da kwamfuta ke ci a kansu take ƙarewa. Mai son tace molikul dubu ɗari, ko ɗalibin da abin da ya mallaka kwamfutar cinya ce, shimfiɗaɗɗen ruwa ne ya ba shi damar shiga fagen. Kuma a gasar SAMPL, inda ake ba masu lissafi molikul su yi hasashe kafin a bayyana sakamakon gwaji, COSMO-RS ta Klamt ta sha zama a sahun gaba. Abin lura dai shi ne Klamt ya gina ta ne a 1995 bayan ya gamsu cewa tsantsar lamba ɗaya ba ta isa ba, sai ya ɗora mata lissafin yadda fuskokin molikul ke haɗuwa biyu-biyu, har da ɗaurin haidurojin.

Akwai kuma hanyar tsakiya, a sa ƙwayoyin ruwa biyu ko uku na gaske a jikin ayon, sauran a shimfiɗa, kamar yadda Pliego da Riveros suka tsara a 2001. Tana taimakawa ƙwarai ga ƙananan ayon masu dunƙulallen caji. Sai dai tsugune ba ta ƙare ba, don yanzu tambaya ta koma guda nawa za a sa, a ina, suna fuskantar ina. Na ga ayyukan da ƙwayar ruwa guda aka ajiye ta daidai inda za ta miƙa furoton, wato ayon haidurojin, daga wannan gefe zuwa wancan, tudu ya faɗi warwas, aka yi murna, ba wanda ya lissafa farashin kamo ta daga cikin 'yan'uwanta a tsayar da ita a wurin.

Abin da nake nema daga mujallu da masu tantancewa bai taka kara ya karya ba. Su daina tambayar ko an sa ruwa, su tambayi yadda aka shata kogon: wane jadawalin rediyos, an ninka da nawa, wace irin fuska, wane bugu na manhaja. Su tambayi ko an haɗa da ɓangaren da ba na lantarki ba, wato farashin buɗe kogon a cikin ruwa da ɗan jan da ke tsakanin kowane atom biyu, domin ga molikul mara caji wannan ɓangare kan yi gogayya da na lantarkin. Su tambayi ko an tuna da gyaran kilokalori 1.89 da ake yi in an tashi daga ma'aunin iska zuwa na mol ɗaya a lita, wanda mantuwa da shi kaɗai ta fi ninki goma a duk inda molikul biyu suka zama ɗaya. Mafi muhimmanci, duk inda hukuncin maƙala ya rataya kan ƙaramin bambanci, a sake lissafin da kogo na biyu, a nuna wa mai karatu ko hukuncin ya tsaya ko ya kife. Za a ce an ƙara wa mutane aiki. Ai arha ita ce abin da hanyar ke taƙama da shi tun farko. Wanda ya iya yi sau ɗaya cikin awa guda, ba zai rasa awa ta biyu ba. In hukuncin ya kife, wannan ma sakamako ne, kuma ya fi amfani ga mai karatu a kan lambar da aka yi wa kwalliya da gurabe biyu bayan ɗigo.

Abin ya ƙara zama dole yanzu da ake tara sakamakon irin wannan lissafi dubu-dubu ana horar da manhajojin koyon inji da su. Maƙala guda mai karkataccen kogo, wani zai iya kama ta wata rana. Rumbun bayanai kuwa in kogonsa ya karkace, duk abin da aka horar da shi zai gaji karkatar, kuma a bakinsa ba za ka ƙara jin an ambaci rediyos ba balle ka tambaya.

A aji ma gyaran ba shi da tsada. Kafin a nuna wa ɗalibi layin da zai rubuta a manhaja, a ba shi lissafin Born ya yi da hannu sau uku, ya taɓa lambar ruwa ya gani, ya taɓa rediyos ya gani. A ba shi fotasiyom da fuloraid ya yi ta fama har ya gano da kansa cewa ruwa na da fuska.

Saura wani abu guda da ko masu taka-tsantsan kan tsallake. Idan aka ce hanya ta yi kuskuren kilokalori 4 ga ayon, da me aka gwada ta? Ba a iya auna narkewar ayon guda shi kaɗai, domin ba a zuba fozitif a kwalba ba tare da negetif ba. Jimillar biyun ake aunawa, sannan a raba ta hanyar ɗaukar wata ƙima ga furoton a jingina sauran duka a kanta. Ƙimar da aka fi amfani da ita yau, kusan kilokalori 266, ta samo asali ne daga aikin Tissandier da abokansa na 1998. Tsofaffin jadawalai, irin na Yizhak Marcus, sun tsaya kan ƙimar da ta gaza wannan da kilokalori 10 ko fiye. Duk abin da aka ƙara wa furoton, an ƙara wa kowane ayon fozitif, an kuma rage wa kowane negetif. Rediyos ɗin da aka daidaita da jadawali ɗaya ba zai zauna da ɗayan ba, kuma wanda ya ɗauko kogo daga nan ya ɗauko ƙimar furoton daga can domin lissafin ƙarfin asid, zai iya kauce wa gaskiya da mataki bakwai a ma'aunin pKa na ƙarfin asid ba tare da manhaja ta yi masa ko tari ba. Wannan ƙima ma a rubuta ta a maƙala, kusa da rediyos.